Kayan Kakanni: Gyaran da ke Raya Su da Wanda ke Kashe Su

Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega a farkon ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma kasuwarta ta daɗe tana tara fatake daga nesa. Shi ya sa tsofaffin gidajen Jega da Aliero da Maiyama, duk a ƙasar Gwandu, ba su rasa abin gado: Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, takobi, riga mai aska takwas, akushi, ko tasoshin jeren kaka. Gara da danshi da ambaliya irin ta 2020 suna cin rabonsu. Sai dai akwai ɓarnar da ba a cika lura da ita ba, wato gyaran da masu kayan ke yi da zuciya ɗaya don su mai da tsohon abu sabo.

Littafi ya fi komai shan wannan wahala. Mai gida zai ga warƙa ta yage, ya manna mata salatif, bayan 'yan shekaru ƙaron ya tsotsu cikin takarda ya ja tawadar. Wani kuma ya kai a rufe takardar da roba mai zafi, aikin da ba ya warwaruwa. Alhali takardar kanta shaida ce: idan aka ɗaga ta a haske, sau da yawa za a ga tambarin wata uku na takardun Italiya da fatake ke ƙetaro Sahara da su, shafin ƙarshe kuma yakan ɗauki sunan wanda ya kwafa. Haka rigar da aka rina da baba, wanki ɗaya da omo ya isa ya kashe shuninta. A nan akwai darasi daga masu ɗorin Aliero, waɗanda ake zuwa wurinsu daga jihohi da dama: ba sa sauya ƙashi, mai da shi mazauninsa suke yi, su ɗaure, su bar shi. Baduku ya ɗinke gafaka da fata irin tata, malami ya jera warƙoƙi ta bin kalmar da ke ƙasan kowane shafi, a naɗe su a farin ƙyalle maimakon leda, a ɗora nesa da ƙasa da bango. Iyakar gyaran ke nan.

Wani zai ce riƙe kayan matattu ƙofar camfi ce. Tsoron yana da tushe idan ana neman waraka ko sa'a a jikin takobi. Amma adana littafin da kaka ya kwafa adana ilimi ne, kuma da magabata sun yi sakaci da takardunsu, da rubuce-rubucen Malam Abdullahi na Gwandu ba su iso gare mu ba. Wani kuma zai ce dukiyar magada ce, akwai marayu da mabuƙata. Wannan gaskiya ne, haƙƙinsu ba abin wasa ba ne. Mafita ita ce a yi wa abin ƙima, magaji ɗaya ya karɓe shi a cikin kasonsa, ko magada su yarda a mai da shi waƙafi na zuriya. Raba littafi warƙa-warƙa kuwa asara ce ga kowa.

Masu cewa a miƙa komai ga hukuma su ma suna da hujja, domin gidan tarihi na Kanta da ke Argungu yana adana kayan sarauta da na yaƙi tun 1958. Amma gidan tarihi ba zai ɗauki akushin kowace tsohuwa ba, kuma darajar irin wannan abu tana cikin labarinsa: wa ya saya, a wace kasuwa, a auren wa aka jera shi. Labarin nan yana bakin dattawa, ga shi kuwa tsoho yana tafiya da labarinsa. Don haka gyara na farko shi ne a zauna da su, a naɗi muryarsu a waya, a ɗauki hoton kowane shafi da kowane ɗinki, a rubuta bayanin a ajiye tare da kayan. Iyalin da ya yi wannan tun dattawansa na raye ya rage wa kansa gardama ranar rabon gado, ya kuma bar wa jikoki abin da za su iya tantancewa.