Katin hoton wasanni: Abin da makin gwaji ba ya faɗa wa matasan Tasawa da Mayahi

Duk matashin da ke ci-rani a Aljeriya ko Faransa, kuma ƙanensa a Tasawa ko Mayahi ya roƙe shi ya aiko masa da katin hoto na kwamfuta don ya buɗe shagon wasan ƙwallo, abu na farko da zai duba a intanet shi ne makin gwaji. Wanda ya fi maki, shi zai saya. Nan ne kuɗin mutane da yawa ke zubewa.

Manhajojin gwaji irin su 3DMark da Unigine Heaven suna auna hotuna nawa kati zai iya zanawa cikin daƙiƙa ɗaya. Masu wallafa sakamakon galibi suna gwajin ne a ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa. A jihar Maraɗi kuwa, zafin watannin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, kuma shagon da aka rufe da kwano ya fi waje zafi. Katunan Nvidia da dama na fara rage gudu da kansu idan suka kai kusan digiri 83, don kada su ƙone. Sai ka ga wasan da ya tafi sumul da safe ya koma tsalle-tsalle bayan azahar, mai shago yana zargin an sayar masa da jabu.

Ɗauki katuna biyu da masu ƙaramin ƙarfi ke yawan nema. RX 580 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2017, ya fi GTX 1650 na 2019 maki nesa ba kusa ba. Amma na farkon yana shan wat 185, na biyun kuwa 75, kuma samfuransa da dama ba sa buƙatar wata wayar wuta ta daban. Ga wanda ke dogaro da sola ko ƙaramin janareta, wannan bambancin shi ne tsakanin kwamfuta biyu a shago da guda ɗaya. Mutanen yankin ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka kwashe watanni NIGELEC na rabon ɗan abin da ya rage.

Akwai kuma tarihin katin. Yawancin RX 580 masu arha da suka cika kasuwa bayan Satumban 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da katunan hoto, sun yi shekaru suna aiki dare da rana. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji. Manhajar GPU-Z kyauta ce, kuma tana tona asirin tsohon katin da aka sauya wa suna, don haka a gwada kafin a biya.

Gyaran da ya fi tasiri a nan ba ya cin kuɗi sosai. Ƙurar hunturu na toshe ƙarfen da ke fitar da zafi, sai a buɗe a hure ta, a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a sauya man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen idan ya bushe. Da MSI Afterburner za a iya ƙara gudun fanka tare da rage wutar da katin ke sha, abin da kan sauke zafi ba tare da wasan ya yi asarar a-zo-a-gani ba. Tura katin ya wuce gudun da kamfani ya sa masa, wanda bidiyoyin YouTube ke zugawa, ba dabara ba ce a watan Afrilu: ƙarin ɗan kaɗan ne, zafin kuwa mai yawa.

A cikin wasan ma, a sauke inuwa, a koma 720p idan 1080p ya yi nauyi, a kunna FSR inda wasan ya yarda da shi, sannan a tsayar da hotuna a kan 60. Yaron da ya biya kuɗinsa don buga wasa ɗaya bai damu da maki ba, shi dai kada ƙwallo ta tsaya yana gaban raga.

Wanda zai aiko da kati daga waje ya ware wani abu daga kuɗin don sitabilaiza da akwatin wuta mai inganci na cikin kwamfutar, domin dawowar wuta da ƙarfi kan kashe kati cikin ƙiftawar ido.