Raunin Laka: Abin da Makin Likita Yake Aunawa

A Jos, yawancin masu karyewar ƙashin baya hatsarin mota ko na babur ne ke kawo su asibiti, wasu kuma ramin haƙar kuza ne ya rufta da su. Idan laka ta taɓu, aka kwantar da mutum a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko a Jankwano, 'yan jinya kan kwaso maganganu a bakin ɗaki su kai gida. Wasu gaskiya ne, wasu kuwa shaci-faɗi.

Ana cewa makin da likitan gashi ke rubutawa shi ne hukuncin ko mutum zai sake taka ƙasa. Ba haka ba ne. Gwajin da ke duba ƙarfin gaɓɓai da jin taɓawa daban yake, shi ne ke raba rauni daga A zuwa E. Ma'aunin dogaro da kai kuwa, wanda daga shi makin ke fitowa, tambayarsa ɗaya ce: me kake yi da kanka yau? Wanda ake kira SCIM, da aka fitar a 1997 musamman don masu raunin laka, maki 100 ne a sigarsa ta uku: 20 na ci da wanka da sa tufafi da gyaran jiki, 40 na numfashi da fitsari da bayan gida, 40 na motsi. Duba fa, fitsari da bayan gida da ake jin nauyin ambata a gaban surukai, rukuninsu ya yi daidai da na motsi duka.

Saboda haka zancen "tunda ƙafa ba ta motsa ba, gashin bai yi amfani ba, a kai shi wurin mai ɗori" kuskure ne mai tsada. Wanda ya koyi juya kansa a gado don guje wa gyambon kwanciya, ya iya sa robar fitsari, ya iya sauka daga gado zuwa keke, makinsa ya hau sosai ko da ɗan yatsan ƙafarsa bai motsa ba. Jijjigar ɗori kuwa tana iya ƙara lalata lakar.

Zaburar da ƙafa ke yi ita kaɗai ma ba lallai ba ne alamar warkewa. Sau da yawa ƙagewar tsoka ce.

Gaskiya ne cewa mafi yawan farfaɗowar jijiya a watanni shida na farko take zuwa, kuma raunin wuya ya fi na ƙugu rage maki. Gaskiya ne kuma makin asibiti yakan ragu a gida. Keken da ke gudu a siminti ba ya hawa duwatsun Anguwar Rogo, ga masai na tsuguno. Sannan uwa ko mata, don tausayi, sai ta riƙa ba shi abinci a baki alhali hannunsa na aiki. Shi ma'aunin, abin da mutum ke yi a zahiri yake ƙirgawa, don haka ranar komawa asibiti a faɗa wa likita yadda ake yi a gida, ba tare da ƙari ba.