Abin da Ke Sa Aku Ya Sake Hali

A Birnin Kebbi da Argungu akwai gidaje masu kiwon aku. Aku tsuntsun kurmi ne, fatake ke kawo mana shi daga kudu. Jikinsa toka-toka ne, wutsiyarsa ja. Tamu ta nan ita ce tsirya, koriya mai doguwar wutsiya, wadda muke gani a itatuwan bakin Gulbin Rima.

Wani lokaci aku mai ladabi sai ya sake hali. Ya riƙa ihu, yana yayyaga tabarma, yana cizon yara. Waɗansu su ce ya haukace, har su buge shi. Ba hauka ba ne. Balaga ce.

Aku yakan balaga tsakanin shekara 3 zuwa 5. A lokacin nan jikinsa yakan fitar da waɗansu sinadarai cikin jini, likitoci suna kiransu homon. Su ne ke sa shi neman aure da wurin sheƙa.

A daji, namiji da mace sukan zauna tare shekara da shekaru. Suna sheƙa cikin kogon itace. Macen takan yi ƙwai 2 zuwa 5, ta kwanta a kai kamar kwana 30. Namijin ya ci abinci, ya dawo ya amayo mata a baki.

To, akun gida ba shi da abokin zama sai mu. Saboda haka sai ya zaɓi mutum guda a gidan. In ya saki fukafukai, yana kaɗa kai, ya amayo abinci a gabanka, ba ciwo ba ne, kyauta ce ya yi maka. In wani ya matso kusa da kai, kishi ya sa ya cije shi. Bakin aku ba ya jin wuyar yatsan yaro.

Ga abin da ya kamata mu yi.

Kada mu shafa bayansa ko ƙarƙashin fukafukinsa, gama wannan yana ta da shi. Kai kaɗai za mu sosa masa.

Mu hana shi shiga tukunya ko kwali ko ƙarƙashin gado. Wuri mai duhu sheƙa ne a gare shi.

Mu kashe fitila, mu bar shi ya yi barci awa 10 zuwa 12.

Mu rage masa gyaɗa, mai ya yi mata yawa. Mu ba shi dawa da ganye da gwanda.

Mace takan yi ƙwai ko ba namiji, amma ba ya ƙyanƙyashewa. Kada mu ɗauke shi nan da nan, don sai ta sake yin wani, ƙarfinta ya ƙare. In mun ga ta zauna a ƙasan keji, tana nishi, ƙwai ya maƙale ke nan. Mu kai ta wurin likitan dabbobi ran nan, in ba haka ba ta mutu.

Abu ɗaya ya rage. Aku ya yi ƙaranci a daji saboda yawan kamu. A shekarar 2016 ƙasashen duniya suka taru a Afirka ta Kudu, suka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wanda ke hannunmu kuwa yana iya kai shekara 50. Mu yi haƙuri da shi, lokacin zai wuce. Sanin hali ya fi sanin kama.