Zufar Hannu: A Yi Tunani Kafin A Yarda Da Fiɗa

Akwai bayin Allah da zufar tafin hannu ta dama, ko da kuwa cikin tsananin hunturu ne. Ɗan makaranta a Madakiya takardar jarrabawa ta jiƙe masa, tela a kasuwar Kafanchan ya ɓata yadin mutane, wani kuwa kunyar miƙa hannu a gaisa ta sa a ce da shi mai girman kai. Irin waɗannan ne kan ji labarin wani aikin fiɗa mai busar da hannu nan take, su yi ta ɗokinsa.

Ga yadda aikin yake. Likita zai huda ƙarƙashin hammata, ya zura na'ura cikin ƙirji, ya yanke ko ya maƙale jijiyar da ke gefen ƙashin baya, watau wadda ke kai wa hannu umurnin yin zufa. Hannu kam yana bushewa. Amma fa da yawa cikin waɗanda aka yi wa aikin sukan tarar zufar ta koma baya da ciki da cinyoyi, wasu har riga ta jiƙe sharkaf. To, manomin citta da ke yini cikin rana, ina ribarsa?

Ba wannan kaɗai ba. Wani zufa kan karyo masa a fuska da zarar ya ci yaji, wani bugun zuciyarsa ya ragu, jefi-jefi kuma fatar ido ɗaya ta sauko. Jijiyar da aka yanke kuwa da wuya a mayar da ita. Likitocin ƙasar Siwidin ne suka yaɗa wannan aiki, amma saboda yawan koke-koke aka hana shi a can cikin 2003. Ƙasar Taiwan ma ta hana yi wa 'yan ƙasa da shekara 20 cikin 2004.

Saboda haka mai wannan larura ya fara zuwa babban asibitin Kafanchan ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a duba ko wata cuta ce ta jawo, kamar ta maƙoƙo. Akwai maganin shafawa mai sinadarin alminiyam, da tsoma hannu cikin ruwa mai 'yar wutar lantarki, da allurar Botox mai aikin wasu watanni. Fiɗa ita ce ta ƙarshe, kada garin neman gira a rasa ido.

Allah ya ba mu lafiya, amin.