Yadda Binciken Metabolomiks Ya Yi Tushe a Birtaniya

Metabolomiks fanni ne na kimiyya da ke auna ƙananan sinadaran da jiki ke samarwa yayin da yake sarrafa abinci da magani, irin su sukari da kitse da sauran dubban ire-irensu. Ana nemansu a jini, fitsari, yawu ko tsoka, kuma ana auna su a tare maimakon ɗaya bayan ɗaya. Amfaninsu shi ne suna sauyawa da abin da mutum ya ci, da maganin da ya sha, da cutar da ke jikinsa a wannan lokaci.

A Birtaniya tunanin ya girmi kayan aikin. A 1902 wani likita a Landan, Archibald Garrod, ya nazarci wata cutar gado da ke sa fitsari ya yi baƙi idan ya sha iska, ya kuma nuna cewa kowane mutum da nasa tsarin sinadarai. Sai a shekarun 1980 aka samu hanyar duba wannan sosai, lokacin da Jeremy Nicholson, a Kwalejin Birkbeck, ya fara sanya fitsari da jini cikin na'urar NMR. Na'ura ce mai maganaɗisu mai ƙarfi, wadda ke fitar da alamomin sinadarai masu yawa cikin mintuna ba tare da ta lalata samfurin ba. Rauninta shi ne ba ta ganin abin da ya yi ƙaranci, don haka ake haɗa ta da na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadarai, wadda ta fi ta ido.

Fannin ya samu suna da tsari a ƙarshen ƙarnin, ta aikin Stephen Oliver da abokansa a Manchesta kan yis a 1998, da na Nicholson da John Lindon da Elaine Holmes a Kwalejin Imperial a 1999. Kamfanonin magunguna na cikin waɗanda suka fara zuba kuɗi, kuma dalilinsu ba ɓoyayye ba ne: maganin da ke lalata hanta ko ƙoda gara a gane shi tun a jikin ɓera kafin a yi asarar miliyoyi a kansa. Biyar daga cikinsu suka haɗa kai da Imperial a shirin COMET, inda aka gwada sinadarai masu guba fiye da 100.

Daga ɓeraye aka koma kan mutane. A 2008 Holmes da abokan aikinta suka auna fitsarin mutum 4,630 daga Sin, Japan, Amurka da Birtaniya. Suka ga ana iya rarrabe mutanen gabashin Asiya da na Yamma, har ma na arewacin Sin da na kudancinta, ta sinadaran fitsari kawai, kuma wasu sinadaran suna da alaƙa da hawan jini. Abinci da ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanji suna da babban hannu a wannan bambanci. Shekara guda bayan haka aka nuna cewa wani sinadari da waɗannan ƙwayoyin ke samarwa yana sauya yadda jiki ke sarrafa farasitamol.

Gasar Olamfik ta Landan a 2012 ta bar wani gado da ba a saba gani ba. Na'urorin da aka binciki 'yan wasa da su kan ƙwayoyin ƙara kuzari su aka mayar harsashin wata cibiyar bincike ta ƙasa ƙarƙashin jagorancin Imperial, da tallafin fam miliyan 10. A shekarar ne kuma aka buɗe rumbun MetaboLights kusa da Kambirij, inda masu bincike ke ajiye bayanansu don kowa ya duba. A 2021 shirin UK Biobank, mai nazarin lafiyar mutum 500,000, ya fitar da sakamakon awon jinin kusan 120,000 daga cikinsu.

Shiga asibiti ne ya yi nawa. Yawancin alamomin da na'urori ke fitarwa ba a san ko wane sinadari ba ne, kuma sakamakon ɗakin gwaji ɗaya ba lalle ya yi daidai da na wani ba, tunda lokacin ɗaukar samfur da yadda aka adana shi suna sauya shi. Inda awon irin waɗannan sinadarai ya zauna da gindinsa shi ne gwajin jarirai, da ake yi da ɗigon jini daga diddige a rana ta 5 bayan haihuwa.