Rumbunan giyar inabi a ƙarƙashin ƙasar Faransa

A ƙarƙashin birnin Reims, arewa maso gabashin Faransa, akwai manyan ramuka da aka haƙa tun zamanin Rumawa don ɗibar farin dutse na gini. Daga baya masu giyar Champagne suka mayar da su rumbuna. Wasu zurfinsu ya kai mita 30.

Me ya kai su can? Sanyi ne. Bazara ko hunturu, yanayin wurin ba ya wuce digiri 10 zuwa 12, ga duhu, ga danshi, abin da kwalba ke bukata ke nan. Doka ta ce sai giyar ta yi aƙalla wata 15 a ajiye kafin a sayar. Ba Reims kaɗai ke da irin waɗannan rumbuna ba: a garin Épernay ma, tsawon hanyoyin ƙarƙashin ƙasar ya kai kilomita 110.

Baƙon da ya je kallo yakan biya kuɗi, ɗan jagora ya sauka da shi, ya nuna masa yadda ake juya kwalabe kaɗan-kaɗan har dattin da ke cikin giyar ya taru a wuyan kwalba. A ƙarshe sai ɗanɗano, inda gwanayen sana'ar kan shinshina, su kurɓa, su tofar.

Ni dai abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne tarihin wurin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ake ruwan bama-bamai a Reims, nan mutane suka fake, har da makarantun yara. A 2015 UNESCO ta sa rumbunan cikin kayan tarihin duniya.

Duk Musulmin da ya je kallo, sai ya faɗa wa ɗan jagora tun daga bakin ƙofa cewa shi ba ya sha.