Kyanwa: Daga Ina Ta Fito, Kuma Mene Ne Haƙƙinta A Kanmu?

 

Abu biyu ne suka faru a mako ɗaya suka sa na ɗauki alƙalami. Ranar Asabar muna darasin Fiƙihu a aji huɗu, muna cikin babin ruwa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mage ta sa baki a ruwan alwalar Babanmu, Inna ta ce a zubar. Wai haka ne?" Kafin in buɗe baki wani yaro daga baya ya ce ai shi kakarsa ta gaya masa kyanwa atishawar zaki ce. Aji ya kaure da dariya. Ranar Laraba kuwa babu abin dariya. Ina komawa gida na tarar da yara sun kewaye wani buhu a bakin kwata, cikinsu har da masu sanye da kayan makarantarmu. 'Ya'yan kyanwa ne guda huɗu, ko ido ba su buɗe ba, biyu sun riga sun mutu. Wani gida ne suka gaji da haihuwar magensu suka yar.

To, bari mu fara da maganar kaka. Ba ita ta ƙirƙiro ba. Labari ne da ke cikin wasu littattafan tarihi da na dabbobi, cewa ɓeraye sun dami mutanen jirgin Annabi Nuhu (A.S.), sai zaki ya yi atishawa kyanwa ta fito. Amma ba ingantaccen hadisi ba ne, kada a ɗauke shi a matsayin addini. Abin da masana suka gano shi ne, duk kyanwar gida da ke duniya, ta Kano da ta Landan da ta Jakarta, asalinta ɗaya ne: kyanwar daji ta Afirka da ƙasashen Larabawa. Dabba ce mai launin ƙasa-ƙasa, da ratsi-ratsi a ƙafafu da jela, ta ɗan fi ta gida dogayen ƙafafu. Har yanzu tana nan a dazuzzukan Sahel, ciki har da namu, kuma in ta haɗu da ta gida suna barbara su haihu. A shekarar 2007 aka buga wani bincike da aka yi a kan ƙwayoyin gado na kyanwoyi 979, na gida da na daji, daga nahiyoyi dabam-dabam, shi ne ya tabbatar da haka.

Yaya aka yi dabbar daji ta shigo gida? Nan ne labarin ya yi mini daɗi, domin kyanwa ba kamar akuya ko saniya ba ce da aka kamo aka ɗaure a turke. Kusan shekara dubu goma da suka wuce mutanen Sham da Iraƙi da kudancin Turkiyya suka fara noman alkama da sha'ir, suna tarawa a rumbu. Inda hatsi yake kuwa ɓera ba ya nisa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓera ya bi hatsi, kyanwa ta bi ɓera, manomi ya duba ya ga wannan baƙuwa amfaninsa take yi, sai ya ƙyale ta. Waɗanda ba su cika tsoron mutum ba su suka fi samun abinci, suka fi hayayyafa. Watau ita ta kawo kanta. Shi ya sa har gobe ba ta bin umarni kamar kare. Sai ta ga dama ta zo in ka kira.

A shekarar 2004 masu tonon kayan tarihi 'yan Faransa suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Ƙubrus mai shekara kamar 9,500. An binne mutum, a gefensa kuma, tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, an binne kyanwa 'yar wata takwas. Abin lura a nan shi ne, asali babu kyanwa a wannan tsibiri, dole mutane ne suka kawo ta a jirgin ruwa. Sai dai wannan ba ya nuna ta riga ta zama irin ta gidajenmu. Wani bincike da ya fito a 2025 ya nuna cewa kyanwar gida ta yanzu ta fi kusa da ta dajin Arewacin Afirka, kuma ba ta shiga Turai ba sai kamar shekara 2,000 da suka wuce, zamanin Rumawa. Jiragen fatake da na soja ne suka yaɗa ta, domin kowane jirgi mai ɗauke da hatsi yana bukatar mai kama ɓera.

Mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni su ne suka wuce gona da iri. Suna da wata abar bauta mai kan kyanwa da suke kira Bastet, babban ɗakin bautarta yana wurin da yanzu ake kira Tallu Basɗa, kusa da birnin Zaƙaziƙ. Herodotas, masanin tarihi Bagirke, ya rubuta cewa in kyanwa ta mutu a gida sai mutanen gidan su aske gashin girarsu don makoki. Amma kada ku ɗauka tausayi ne zalla. Hotunan asibiti da aka ɗauki gawarwakin da suka naɗe a likkafani sun nuna da yawa ƙanana ne da aka karya wa wuya, ana kiwonsu ne a sayar wa masu ziyara su miƙa wa gunki. A 1888 wani manomi a Bani Hasan ya faɗa kan ramin da aka tara dubbansu, a 1890 aka loda kusan tan 19 a jirgi zuwa Libaful ta Ingila, aka sayar da su takin gona. Ka ji ƙarshen abin bauta.

Yanzu amsar tambayar ɗalibarmu. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sahabi Abu Ƙatada (R.A.) an zuba masa ruwan alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha, matar ɗansa tana kallo tana mamaki. Sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana kyanwa ba najasa ba ce, domin tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu a gida. Saboda haka ragowar ruwanta mai tsarki ne, ana alwala da shi. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara da cewa in an ga najasa ƙuru-ƙuru a bakinta lokacin da take sha, to hukuncin wannan najasa ake bi. Inna ba ta yi laifi ba in don ƙyanƙyami ta zubar, amma ba wajibi ba ne. Kun kuma san Abu Huraira (R.A.), ma'anar alkunyarsa ita ce mai 'yar kyanwa. Labarin nan kuwa na kyanwa mai suna Mu'izza da aka ce an yanke hannun riga don kada a tashe ta daga barci, wanda ke yawo a wayoyi, babu shi a littattafan hadisi ingantattu. A daina jingina shi ga Annabi (S.A.W.).

Wanda ya inganta, kuma ya kamata ya tsorata duk wanda ke da mage a gida, yana cikin Buhari da Muslim: an azabtar da wata mata a wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Ku auna wannan da buhun bakin kwata. Musulmin da sun fahimci abin sosai. Sarki Baibaras, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don a riƙa ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su.

To, mene ne ciyarwar? A nan ne yawancinmu muke kuskure ba da niyya ba. Kyanwa maciyiyar nama ce tsantsa, ba kamar kare ba da zai iya rayuwa da tuwo da miya. Akwai wani sinadari da jikinta ke bukata wanda ba ta iya haɗa isasshensa da kanta, sai daga nama da kifi. In ta daɗe ba ta samu ba idonta na iya mutuwa, zuciyarta ta yi rauni. Ba cewa na yi a saya mata tsire ba, ni ma ban ƙoshi da shi ba. Kan kifi da aka dafa aka cire manyan ƙayoyi, kayan cikin kaza, 'yar hanta jefi-jefi, dafaffen ƙwai, guntattakin da mahauci ke zubarwa, a cakuɗa da ɗan tuwo ko shinkafa, ya wadatar. A guji miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, domin suna lalata mata jini. Madara kuma, duk da tana sonta, manyan kyanwoyi da yawa ba sa iya narkar da ita, sai zawo. Ɗan kindirmo ya fi mata sauƙi.

Ruwa fa? Tunda asalinta dabbar busasshiyar ƙasa ce, ba ta cika jin ƙishi ba, kuma wannan na jawo mata ciwon ƙoda da na mafitsara. A ajiye mata ruwa mai tsabta a kasko a inuwa, a sauya kullum, musamman lokacin bazara. In kuka ga muzuru yana ta tsugunno yana kuka fitsari bai fito ba, wannan ba abin jira ba ne. Toshewa ce da ke iya kashe shi cikin kwana biyu ko uku. A kai shi asibitin dabbobi ran nan.

Ga gargaɗin da nake so kowane ɗalibi ya karanta wa mutanen gida da ƙarfi: kada a ba kyanwa farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ina yaro na yi wannan da hannuna, na ga magenmu ta yi lamo na ce zazzaɓi ne, na jiƙa rabin ƙwaya na ɗura mata. Washegari fuskarta ta kumbura, dasashinta ya yi duhu, kafin Magariba ta mutu. Sai bayan shekaru na san ni na kashe ta. Haka nan kada a shafa mata kananzir, ko fiya-fiya, ko maganin feshin gona don kashe ƙuma da kaska, domin da harshe take wanka, duk abin da ke jikinta cikinta zai tafi. Har maganin ƙuman kare akwai wanda guba ne gare ta. A tambayi likitan dabbobi, shi zai ba da na ƙuma da na tsutsar ciki daidai nauyinta. Gidan da ke da mage kuma bai kamata a zuba maganin ɓera ba, don in ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma ta sha.

Ba ita kaɗai ake kiyayewa ba, har mu. Kyanwa tana rage ɓeraye, kuma wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Amma ita ma tana iya ɗaukar ciwon haukan kare. A yi mata allurar rigakafi in ta kai wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya ce. Wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa har jini ya fito, musamman wadda ba a san ta ba, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sa'annan a garzaya asibiti, kada a jira alama, domin in alamar wannan ciwo ta bayyana kusan babu mai tashi. Ba kowace ce kyanwar Lami ba. Makero ma yara na ɗauka daga jikinta, don haka in an ga gashinta na zubewa a kewaye kamar kwabo, a nemi magani, a daina kwana da ita. A tanadar mata rairayi a wani tsohon kwano a kusurwar gida, a kwashe kullum, a wanke hannu. Mai juna biyu kada ta yi wannan aiki, saboda akwai wata ƙwayar cuta a kashin kyanwa da ke iya cutar da ɗan tayi.

Maganar cewa baƙar kyanwa mayya ce ko aljana, har a riƙa jifanta, ba zan ɓata tawada a kai ba. Launi gado ne daga iyaye, kamar yadda ake samun baƙar akuya da ja.

Saura batun haihuwa, wanda shi ne ya kai ga buhu. Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, takan haifi uku zuwa biyar, kuma tana iya yin haka sau biyu ko uku a shekara. Ku lissafa da kanku, 'yan aji shida. 'Ya'yan ba sa buɗe ido sai bayan kwana bakwai zuwa goma, kuma bai kamata a raba su da uwa ba sai sun cika mako takwas. Kafin lokacin a fara cigiya: masu shagon hatsi, masu injin niƙa, masu rumbu a ƙauye, da yawa suna nema. Wanda ba zai iya da yawansu ba, likitan dabbobi na yin aikin hana haihuwa ga mace da fiɗiya ga muzuru, da allurar kashe zafi. Malamai sun yi saɓani a kan fiɗiye dabbar da ba a ci, amma da yawa sun yi sauƙi in don kauce wa cutar da ta fi girma ne.

Biyun da suka rage a buhun nan, ɗaya ya bi 'yan uwansa a daren farko. Ɗayan muka yi sa'a wata maƙwabciyarmu magenta na shayarwa, muka goga masa tsumman da 'ya'yanta ke kwana a kai don ya ɗauki warinsu, muka sa shi a tsakiyarsu. Ta shinshine shi, ta yi kamar ba za ta karɓa ba, can sai ta fara lasarsa. Yanzu makonsa biyar, 'yan aji huɗu suna ta gardamar gidan wa zai koma.